Da gaske ana canja jinin jariri a dashen ƙwai?

Tambaya: Likita, shekara 8 da aurena ban taɓa ko ɓari ba. An ba mu shawarar dashen ƙwai, sai uwar mijina ta ga bidiyo a WhatsApp wai a can ake canja jinin jariri, ya fito ba ɗan ubansa ba. Yanzu maigida ya ja baya. Mene ne gaskiyar magana? Daga wata mai karatu a Tahoua.

Amsa: Ƴar'uwa, Allah ya kawo masu albarka. Masu irin wannan bidiyo abu biyu suke cuɗawa.

A dashen ƙwai, mace ce ke karɓar allurai kamar kwana 10 zuwa 12 har ƙwayayenta su nuna. Sai a ciro su da siririyar allura, a haɗa da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar da abin da ya ƙullu cikin mahaifarta. Ba a taɓa ƙwayoyin gado, wato waɗanda ɗa ke gadon kamannin iyayensa ta cikinsu, ko kaɗan. Ɗan naki ne da mijinki, da kamanninku zai zo. Tun 1978 ake wannan aiki, shekarar da aka haifi Louise Brown a Ingila, kuma ita ma ta girma ta haifi nata ƴaƴa ba tare da dashe ba.

Abin da ya ta da ƙura a duniya daban ne. A 2018 wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya sauya ƙwayoyin gadon wasu tagwaye mata tun kafin a dasa su. Masana suka yi masa caa, kotu ta ɗaure shi shekara 3.

Ta fuskar addini, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986, ta halatta dashe muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, igiyar aure kuma tana nan. Shigo da na wani ne ta haramta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, masu tallar aikin su ma ba sa faɗin gaskiya duka. Hoton jariri naɗe a zane kawai suke nunawa, ba sa cewa sau da yawa karon farko ba ya kamawa, kuma damar tana raguwa sosai bayan mace ta wuce shekara 35. Ga kuɗi masu nauyi.

Kafin ku sayar da gona ko shanu, shi maigida an gwada maniyyinsa? Kusan rabin matsalar rashin haihuwa da hannun namiji a ciki, gwajin kuma ba shi da tsada, kwana 3 kawai zai ƙaurace miki kafin ya bayar. Ku zo Yamai tare da takardun gwaje-gwajenku na baya. In Hajiya za ta yarda, ku taho da ita ta yi tambayoyinta da bakinta.