Mai walda na son ƙera 'yar tirelar kwana: wa zai saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Kaduna, shekarata 11 ina yin ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa. Na ga a waya yadda mutanen Amurka ke ƙera wata 'yar tirela da ƙaramar mota ke ja, cikinta katifar mutum biyu, bayanta kuma wurin girki. Na tara naira miliyan 3 ta hanyar adashi. Ina so in ƙera guda biyu, in sayar da ɗaya, ɗayar kuma in riƙa ba masu yawon buɗe ido haya. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka. Na ji daɗin wannan tambaya, don mai sana'ar da ya ga abu ya ce shi ma zai iya, irinsa muke nema. Ba na shakkar hannunka. Wanda ya shekara 11 yana haɗa tankin da ba ya yoyo ba zai kasa haɗa wannan ba. Abin da ya dame ni shi ne a duk bayaninka ban ji ka ambaci mutum ɗaya da ya ce maka yana so ba.

Bari in ɗan gaya maka asalin abin da ka gani. Irin wannan tirela mai siffar ɗigon hawaye ta bazu a Amurka tun shekarun 1930 da 1940, lokacin da mujallun masu aikin hannu ke buga zanenta kowa ya ƙera a gida. An gina ta ne a kan girman falankin filawud ɗaya, ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, don kada a yi asarar katako. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma har da ragowar alminiyon jiragen sama aka riƙa lulluɓe ta. Amma abin da ya raya ta can shi ne akwai inda za a kai ta: gandayen shaƙatawa masu filin kwana, da ruwa, da banɗaki, da masu gadi, ga kuma motoci da yawa masu ƙugiyar ja a baya. Mutum ya tashi aiki ranar Juma'a ya ɗaura ta, ya kwana biyu a bakin tafki, ya dawo.

To mu dubi namu. Mai zuwa Yankari yakan kama ɗaki ne a sansanin Wikki, ya yi wanka a ruwan ɗumi ya kwanta. Mai zuwa bikin kamun kifi na Argungu yana da masauki ko gidan ɗan'uwa. Ga kuma halin tsaro da ni da kai mun sani: magidanci ba zai ɗauki iyalinsa ya kwana a bakin daji da sunan hutu ba. Saboda haka kasuwar da ka hango, ta masu yawon buɗe ido, siririya ce ƙwarai a yanzu.

Ka yi lissafin hayar da kanka. A ce ɗaya ta ci maka miliyan 2, kana ba da ita naira 20,000 a dare. Sai ta kwana 100 a hannun masu haya kafin uwar kuɗi ta dawo. In tana fita dare 4 a wata, wata 25 ke nan, fiye da shekara biyu, ba a sa kuɗin taya da fenti da gyaran abin da mai haya ya lalata ba. Kuma ba za ka iya ɗaga kuɗin haya yadda ka so ba, don mai haya zai kwatanta shi da kuɗin ɗakin otal mai banɗaki da fanka, wanda ba sai ya ƙona man ja ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda zai ja kaya a bayan mota sai ya yi wannan lissafin.

Duk da haka ban ce ka bar maganar ba. Akwai mutanen da suke kwana a waje ba don nishaɗi ba, sana'a ce ta kai su. Masu haƙa rijiyar burtsatse sukan yi kwanaki a ƙauye ɗaya, suna kwana a ƙarƙashin mota. Haka 'yan safiyo, da masu kafa sola a asibitocin karkara, da 'yan kwangilar hanya, da manyan manoman rani irin na Kadawa da Kura waɗanda ke buƙatar mai gadi ya tare a gona lokacin girbi. Waɗannan suna da Hilux, suna da kayan aiki masu tsada da ke buƙatar makulli, kuma suna iya biya don abin zai rage musu asara. Sannan ga 'yan kasuwar da ke bin kasuwannin mako, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, waɗanda abin da suke so shi ne shago mai taya: a buɗe gefe ya zama rumfa, a rufe da yamma a ja shi gida.

Ka lura, duk waɗannan ƙasan tirelarsu iri ɗaya ne. Shasi, aksil, sifirin, taya, wuyan ja, fitilu. Abin da aka ɗora a sama ne ya bambanta. Shawarata ke nan: ka fara ƙera ƙasan guda ɗaya tak, ka ɗora masa buɗaɗɗen bodi na ɗaukar kaya, kada abin da za ka kashe ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka. Ko ba a saya ba, kai kanka za ka riƙa kai wa masu gini ƙofofi da ita, ka huta da kuɗin ɗauko. Ɗakin kwana kuwa sai ranar da wani ya zo ya ajiye kafin alƙalami.

Zan daɗe a kan ƙasan nan, domin a nan ake rasa kuɗi, a nan kuma ake rasa rai. Tanki a tsaye yake wuri ɗaya, ƙofa ma haka. Wannan kuwa za ta yi gudu a titi, tana faɗawa ramuka, bayanta ga motocin mutane.

Abu na farko nauyi. Mu masu aikin ƙarfe a nan muna da son kauri, muna ganin shi ne inganci. A wannan aiki kowane kilo da ka ƙara, mota ce za ta biya shi da mai da birki. Ƙa'idar ƙasashen Turai ita ce tirelar da ba ta da birkin kanta kada ta wuce kilo 750 da kayanta duka, a Ingila kuma an ƙara da cewa kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta. Ka riƙe wannan a matsayin iyakarka. Yawancin irin wadda ka gani a waya ba sa kai kilo 500. Ka yi amfani da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu a shasi, ka bar jikin ɗakin ya zama filawud da siririn falle a waje.

Na biyu, inda aksil zai zauna. In ka sa shi a tsakiya daidai, ko ka loda kaya a baya, tirela za ta fara kaɗa wutsiya da zarar an ɗauki gudu, har ta kai ga juya motar. Aksil yakan zauna ne bayan tsakiya kaɗan, kamar kashi 60 na bodi a gabansa, 40 a bayansa, ta yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin duka zai sauka a kan wuyan ja. Tirela mai kilo 500, wuyanta ya danna kilo 50 zuwa 75. Sikelin auna buhu ya ishe ka ka gwada wannan a shago. Kada ka kafe mazaunin sifirin da walda sai ka gwada.

Na uku, maɗauri, wato abin da ke haɗa tirela da mota. Motocin da aka shigo da su daga Turai, irin su Golf da Sharan, wasu kan zo da ƙwallon ja mai milimita 50. Na Amurka yawanci inci 2 ne, ya ɗan fi shi girma. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma ya isa ya sa maɗauri ya ƙi shiga ko ya yi sako-sako. Wannan ɓangare ka saye shi ƙerarre, kada ka ce za ka haɗa shi da guntayen ƙarfe. Ka sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuyan, in maɗauri ya kuɓuce su tallafe shi. Aksil da rim kana iya samun na hannu a Panteka, amma boris da taya ka sa sababbi, kuma in da hali girman tayar ya zo ɗaya da na motar mai ja don safaya ɗaya ta wadatar. Fitilar birki da sigina da abin ƙyalli na baya, ka kira mai wayarin ɗin mota ya yi su da kyau.

Kafin ka yanka ƙarfe ko ɗaya, ka taka da kanka zuwa ofishin VIO da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ka nuna musu zanen, ka ji abin da suke buƙata na lamba da takardu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai saye da aka tsare a hanya kullum zai dawo maka da kayanka, kuma zai gaya wa goma.

Ranar da aka zo kan ɗakin kwana, ka tuna an tsara na Amurka ne don yanayinsu, ba namu ba. A watan Afrilu, da zafin da ke kai digiri 40 a Kano da Sakkwato, akwatin ƙarfe tanda ce. Sai farin fenti a rufi, da soso mai hana zafi tsakanin falle da filawud, da taga biyu masu fuskantar juna da ragar sauro, da mafitar iska a sama, da fanka mai aiki da batir da sola. Duk mahaɗa ka toshe ta, don ruwan damina ɗaya ya isa ya ruɓar da filawud daga ciki ba ka sani ba. Kuma ka rubuta a jikin ƙofa, ka kuma faɗa wa mai saye baki da baki: ba a kunna gawayi ko risho ko janareta a ciki ko a bakin taga. Hayaƙinsu yana kashe mai barci a rufaffen wuri ba tare da ya farka ba.

Sai maganar farashi, inda na ga masu sana'a da yawa suna cutar kansu. Ka buɗe littafi tun daga ranar farko. Ƙarfe, wayar walda, fenti, man janareta, kuɗin kafinta, kuɗin mai wayarin, har kuɗin mashin zuwa kasuwa. Ka sa kwanakin da kai ka yi a kanta, ka yi musu kuɗi daidai da abin da ka saba samu a ƙofofi, don waɗannan kwanakin ƙofofin wasu ka ajiye. Bayan wannan ne riba take hawa. Ta farko za ta ci kuɗi fiye da ta biyu, kada ka yanke farashi da ita kaɗai. Da yake kuɗin ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya, duk farashin da ka ba mutum ka rubuta cewa na mako biyu ne, kafin alƙalamin kuma ya ishi sayen kayan aiki gaba ɗaya a ranar. A rubuta nauyin da aka yarda ta ɗauka a takardar ciniki, a buga shi a ƙaramin falle a jikin shasi, don gobe wani zai loda mata buhun siminti 30 ya ce waldarka ce ta saki.

Ragowar miliyan 2 ɗinka ka bar su suna juyawa a ƙofofi da tankuna, su ne ke ciyar da gida. A wannan makon ka zana ƙasan a takarda, ka nemi masu haƙa burtsatse uku da 'yan sola biyu ka tambaye su inda suke kwana da inda suke ajiye kaya in sun fita aiki, da nawa za su iya biya. In ka ji amsarsu ka sake rubuto mini, mu yi lissafin farashi tare.