In jinginar da fili in sayo sabon inji?

Tambaya: Salam Malam. Gidan burodi gare ni a Zariya shekara 9 kenan, amma tunda aka buɗe wasu biyu a layinmu ciniki ya ja baya, masu ɗauka da safe duk sun ragu. Wani mai koyar da kasuwanci a intanet ya ce dole in yi "innobeshan", in jinginar da filina in sayo injin kwaɓa na zamani in sa a haɗa min manhaja. Wallahi ko barci bana iyawa. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah kar ka taɓa filin nan tukuna.

Kusan kullum sai an kawo min irin wannan maganar kuma tana ɓata min rai, an cusa wa mutane cewa innobeshan, wato sabon salo a kasuwanci, shi ne inji ko manhaja, kuma masu faɗin haka yawancinsu ko teburin mai shayi ba su taɓa riƙewa ba, kuɗin fom da na taro kawai suke karɓa, in abu ya lalace ka kira waya a kashe. Shi wanda ya baka shawarar ya tambaye ka wuta awa nawa kake samu? Ya san kuɗin dizal? In injin ya tsaya wa zai gyara, daga ina kayan gyaran za su zo?

Dubi madarar Cowbell da ta shigo Najeriya a 1993. Lokacin madarar gari a manyan gwangwanaye take, talaka sai dai ya kalla, su kuma suka zuba ta a 'yan ƙananan leda wanda mai canji a aljihu zai iya saya. Madara dai madara ce, awon suka sauya. Ga kuma Kodak ta Amurka, injiniyansu Steve Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital tun 1975, amma da yake ribarsu a fim ɗin ɗaukar hoto da ake wankewa take suka yi ta jan ƙafa, a 2012 suka je kotu kan karyewar jari. Kaga fasaha na hannunsu ai, tafiyar da ita ce ta gagara.

Kai yanzu ba ka ma san dalilin da masu ɗauka suka gudu ba. Nemo uku daga cikinsu ka zauna da su, wataƙila can ana gasawa da wuri, ko ladan ya fi, ko ana karɓar kwantai. Ka tambayi yaran da ke bakin tanda ma, su suka san inda fulawa ke salwanta, amma in ka saba yi musu tsawa ba wanda zai buɗe baki.

Sai ka ware abin da ko ya tafi ba zai girgiza ka ba, ka ce buhun fulawa ɗaya a sati, ka gwada abu guda tak, misali ƙaramin burodi na masu shayi ko yankakke. Rubuta a littafi: nawa ya fita, nawa ya dawo, nawa aka ci. In bayan sati 6 oda ta fi ƙarfin masu kwaɓa da hannu, to lokacin ne za mu yi zancen inji, shi ma da kuɗin ciniki ba da fili ba. Ka turo min lissafin in gani.