Dam, Kanal da Gona: Amsoshin Tambayoyin Manoma Kan Babbar Madatsar Ruwa

Tambayoyin wannan karon kusan duka sun faɗo kan abu guda, wato babbar madatsar ruwa da ake ban ruwa da ita kuma take ba da wutar lantarki. Na tsamo waɗanda aka fi maimaitawa.

Wani dattijo ya ce: "Na ji ana cewa ruwan da ya bi ta injin lantarki an riga an tsotse masa ƙarfi, ba ya raya shuka. Haka ne?"

Baba, Allah ya ƙara girma, ba haka ba ne. Injin ba ya cire komai daga cikin ruwa. Faɗowar ruwan yake so. An tare kogi, ruwa ya taru ya yi tsawo, sai a sake shi ta wani ƙaton bututu ya gangaro da nauyinsa ya bugi farfela, farfela ta juya janareta, ruwan ya fice ta ƙasa ya ci gaba da tafiyarsa. Yadda ya shiga haka ya fita. Shi ya sa kogi ɗaya ke iya yin aiki sau biyu: ruwan Neja da ya juya injinan Kainji, wadda aka kammala a 1968, shi ne dai yake gangarawa ya sake juya na Jebba, sannan masu gonaki na ƙasa su ja abin da suke buƙata.

Abu biyu ne ke yanke yawan wutar da za a samu, yawan ruwan da ke wucewa da kuma nisan faɗowarsa. Lita 1,000 a kowace daƙiƙa, in ta faɗo daga tsawon mita 10, tana ba da kusan kilowat 85. In tsawon ya kai mita 30, wutar ta ninka uku da wannan ruwan dai.

Sai dai maganar da ka ji tana da ɗan tushe, an dai ɗora laifin a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ruwan kogi na damina jajir yake zuwa, ɗauke da laka. Da ya shiga tafkin dam ya tsaya, lakar sai ta kwanta a ƙasa, abin da ke fitowa garau ne kamar na rijiya. Manoman Masar sun shafe dubban shekaru kogin Nilu na shimfiɗa musu sabuwar laka duk shekara. Daga lokacin da babbar madatsar Aswan ta kammala a 1970, lakar ta koma kwanciya a tafkin Nasser, su kuma dole suka ƙara dogara da takin zamani. To in amfani ya ragu a gonar da ke shan ruwan dam, taki za a duba. A riƙa mayar da kara da tattaka da kashin dabbobi cikin ƙasa, a kuma juya shuka da dangin wake lokaci-lokaci.

Wani matashi ya ce: "Mu muna samun damina daidai gwargwado. Me dam zai ƙara mana?"

Ɗan'uwa, dam ba ya ƙirƙiro ko ɗigon ruwa. Aikinsa ajiya, kamar rumbu. Kogi da yawa suna kawo mafi yawan ruwansu cikin wata uku ko huɗu, ya wuce a guje, wani sa'in har da ɓarna, sauran watanni kuma yashi ne zalla. Dam yana kama ruwan nan na lokacin yalwa ya riƙa sakin sa da awo a lokacin da ba a da shi.

Ga abin da wannan ke nufi a gonarka. Filin da ke yi maka aiki wata huɗu ya kwanta wata takwas, yanzu zai ba ka amfani biyu a shekara, wani wurin uku. Haya ko kuɗin da ka sayi filin bai ƙaru ba, amma girbi ya ninka. Kuma rani ya fi damina hasken rana, cututtukan ganye masu son laima sun fi sauƙi, kai ne kuma ke yanke ranar da shuka za ta sha, saboda haka shinkafar rani da aka kula da ita sau da yawa tana fin ta damina auki.

Akwai amfanin da manoma ba su cika lissafawa ba, kuma ni a wurina ya kai na noman rani daraja. Damina takan ɗauke na kwana goma ko mako biyu daidai lokacin da masara ke fitar da bunni ko shinkafa ke ciki. Mai kanal a gefen gona ban ruwa ɗaya ko biyu zai yi ya tsira da amfaninsa, maƙwabcinsa kuwa sai kallon sama. Haka nan iri mai tsada da taki, mutum ba ya zuba su da ƙwarin gwiwa sai ya tabbata ruwa ba zai yanke masa ba. Shi ya sa ƙasar da ake ban ruwa, wadda ba ta wuce kashi 20 cikin 100 na gonakin duniya ba, take ba da kusan kashi 40 na abincin da ake nomawa.

Dubi Sudan. Madatsar Sennar da aka gama a 1925 a kan Shuɗin Nilu ita ta haifar da shirin Gezira, wanda daga baya ya faɗaɗa ya wuce hekta 800,000, kuma ruwan da kansa yake gangarawa cikin kanal, ba inji ba mai. Wannan gangarowar ita ce babban bambancin ruwan dam da na injin da kake zuba wa fetur. Masar kuma, a shekarun 1980, lokacin farin da ya ɗaiɗaita ƙasashe da dama a Afirka, ajiyar tafkin Nasser ce ta riƙe gonakinta.

Wata baiwar Allah ta ce: "Tafki kamar teku, amma an ce mu rage shinkafa wai ruwa ba zai isa ba. Anya ba rowa ba ce?"

Hajiya, mu yi lissafi tare. Ruwan da ya kai zurfin milimita ɗaya a kan hekta guda, lita 10,000 ne. Shinkafa takan ci wajen milimita 1,200 daga shuka zuwa girbi, a ƙasa mai yashi ma ta fi haka. Wato lita miliyan 12 ke nan, durom 60,000 mai cin lita 200, a hekta ɗaya tak. Alkama takan tsaya tsakanin milimita 450 da 650, kusan rabi.

Kuma ba duk ruwan da idonki ya gani ne zai iso gona ba. Akwai na can ƙasa da ƙofar fita, wanda ba ya sakuwa. Akwai wanda rana ke sha. Tafkin Nasser kaɗai yana asarar kusan kubik mita biliyan 10 a shekara ta wannan hanya. Akwai wanda kanal ɗin ƙasa ke tsotsewa a hanya, akwai rabon garuruwa na sha, akwai wanda dole a bar wa kogi don na ƙasa. In masu kula da dam sun ce a rage, ki tambaye su matakin da ruwa ya tsaya a ƙarshen damina, daga nan ake yanke komai. Shawarata, shinkafa ta tsaya a ƙasa mai yumɓu da ke riƙe ruwa. Mai jigawa ya shuka alkama, masara, albasa ko tumatir. Shinkafa a yashi zuba ruwa ne a kwando.

"Mu da masu lantarki, wa ke da ruwan? Kuma ni manomi, me wutar za ta tsinana mini?"

Ya danganta da inda bakin kanal yake. In kanal na ɗiba ne daga ƙasan injina, babu faɗa, ruwa ya yi wuta sannan ya zo maka. In kuwa daga cikin tafkin ake jan sa kai tsaye, duk litar da ta tafi gona injin ya rasa ta.

Ko da na farkon ne, lokaci kan haɗa su. Mai wuta yana son sakin ruwa sa'ad da gari ke jan lantarki, kai kuma kana so sa'ad da shuka ke jin ƙishi. A tsakiyar Asiya, Kirgistan na buƙatar sakin ruwan madatsar Toktogul da sanyi don ɗumama gidaje, manoman audugar Uzbekistan da ke ƙasa kuma da zafi suke son sa, an kuma daɗe ana kai ruwa rana a kan haka. Maganinsa rubutaccen jadawali da aka sanar kafin a fara shuka. Kada ka zuba iri sai ka san ranar buɗe kanal da ranar rufe shi, ka ƙirga kwanakin irinka ka ga sun shige tsakani.

Batun amfanin wutar kuwa, bayan girbi ake ganin sa: injin casa da na niƙa, ɗakin sanyi da zai hana kayan lambu ruɓewa, da famfon lantarki ga wanda gonarsa ke tudu inda kanal ba ya hawa. Wutar ruwa ba ta cin mai, kuma injinanta kan yi shekaru da dama suna aiki. Abin da nake jan kunne a kai shi ne, zama kusa da dam ba ya nufin an samu wuta. Daga janareta babban layi take bi ta tafi nesa. Sai an kawo taransifoma da ƙananan layuka kafin ta shigo ƙauye, wannan kuma da baki ake neman sa, a ƙungiyance, tun ana zanen aikin.

"Shekara shida ina noman rani a fili ɗaya. Yanzu wani fari-fari na fitowa a kan kunya, shuka na ƙonewa daga bakin ganye."

Malam, gishiri ne ya taso, kuma yawan ban ruwa ne ya taso da shi. Kowane ruwa na ɗauke da ɗan gishiri. In ana malala shi fiye da kima babu hanyar fita, ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ya yi ta hawowa har ya kusanci saiwa, rana ta janye ruwan ta bar gishirin a sama. Indiya da Pakistan sun yi asarar filaye masu yawa ta haka.

Ka haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a gefen gonar kwana biyu bayan ban ruwa, ka dawo washegari. In ka tarar ruwa ya taru a ciki, to magudana kake buƙata kafin komai. Ka je ka duba lambatun da aka yi don fitar da rarar ruwa, ina kyautata zaton ciyawa ta cinye shi ko wani ya cike shi ya ƙara faɗin gonarsa. A yashe shi har inda yake zubarwa. Bayan nan ka cika fangalin da ruwa, ka bar shi ya nutse ya wanke gishirin ya fice ta magudanar, sau biyu ko uku kafin shuka. Wanki ba magudana ƙara cuta ne.

Daga nan ka gyara hannu. Kafin ka buɗe ruwa, tona kamar tsawon tafin hannu ka damƙi ƙasar. In ta dunƙule ta bar danshi a tafinka, ka bari sai an kwana biyu, ko da layinka ne. Ka kuma baje fangali ya daidaita, don fili mai tudu da kwari shi ke sa mutum ya nutsar da rabi garin ya kai ruwa ɗaya rabin.

"Gonata a ƙarshen kanal take. Na gaba sun ƙoshi har suna zubarwa, mu sai laka."

Wannan kuka ne na kusan kowane shirin ban ruwa a duniya, kuma da wuya a ce dam ne ya gaza. Laka da ciyawa irin kacalla sun rage wa kanal ciki, wasu sun fasa gefe sun sa tiyo, ƙofofi sun lalace. Ku haɗa ƙungiyar masu shan ruwan layin, ku yashe shi tare kafin a buɗe, ku raba kwanaki, kuma a fara ba na ƙarshe sannan a dawo gaba. Ku daidaita lokacin shuka. In wani na yayyafa iri wani na girbi, babu jadawalin da zai yi wa kowa daidai.

Tunda ana maganar shiga kanal: ruwan da ke kwance cikin ciyawa gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya ne. A sa takalmin roba mai tsawo, a hana yara wanka a ciki, wanda ya ga jini a fitsari ya tafi asibiti, akwai magani.

"Mu muna ƙasan dam, nesa da kanal. Da ambaliya ke jiƙa mana fadama, yanzu ta daina. Ina namu amfanin?"

Baba, kukanka na kan hanya, ba zan rufe ka ba. Dam na kare garuruwa daga ambaliya, amma ambaliyar nan ita ce ban ruwan mai fadama, ita ke cika rijiyoyi ta kawo kifi da ciyawar dabbobi. An ga haka a ƙasan Bakolori a kan kogin Sakkwato, an gani a dausayin Haɗejiya da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Challawa. Na sama ma sun biya nasu: madatsar Akosombo a Ghana ta tashi mutane kusan 80,000 daga gidajensu.

Ana iya sakin ruwa da gangan a lokacin da ambaliya ta saba zuwa, daidai yadda zai jiƙa fadama ya janye. An yi haka daga madatsar Manantali a Mali don manoman kwarin kogin Senegal. Ku nemi a rubuta irin wannan sakin a jadawalin shekara, da watansa.

Kafin nan, kogin da ke ƙasan dam yakan riƙa gudana har da rani, ruwan ƙasa kusa da gaɓa kuma ba ya nisa, saboda haka gajeriyar rijiyar burtsatse da ƙaramin inji za su iya ba ka lambu. Amma kada ka matsa da gona ko bukka cikin tsohuwar hanyar ruwa don ka ga shekaru ba ta cika ba. In tafki ya cika maƙil a shekarar ruwa mai yawa, dole a buɗe ƙofofi, kamar yadda mutanen gaɓar Binuwai suka gani a 2012 da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. A gangaren da ke kusa da ruwa ka sa abin da zai nuna cikin wata uku, ka kwashe kafin ƙarshen damina, itatuwa da rumbu kuma su hau tudu.