Filin Tambayoyinku: Tiramadol magani ne, to me ya sa ake kama mai shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, sun kama ƙanina da kati huɗu na tiramadol a aljihu. Ni dai na san magani ne, don har an taɓa rubuta wa mahaifiyarmu shi a asibiti. Ta yaya riƙe shi ya zama laifi? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kawo mafita. Da farko ki bincika lambar da ke jikin katin. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta amince ne da tiramadol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai, shi ma sai da takardar likita. Wanda ke yawo a tasha da majalisar matasa galibi mai 200 ne ko 225 ko 250, kuma duk ta ɓarauniyar hanya yake shigowa. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum, kin ga ke nan ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta tsallake iyaka. Shi ya sa ake ganin saurayi lafiyayye ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya.

Tiramadol ba ya cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1961 da 1971 suka ɗaure, saboda haka kowace ƙasa ita ke yanke yadda za ta yi da shi. A Najeriya ana gurfanar da mutane ne da dokar NDLEA, wadda ta samo asali daga dokar soja mai lamba 48 ta 1989. Ta ambaci hodar ibilis da hiroyin da "makamantansu", kuma a ƙarƙashin wannan kalmar ake shigar da ƙarar tiramadol. Mallaka ba tare da izini ba, ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ne a rubuce. Sayarwa ko safara kuwa tana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. A aikace alƙali yakan duba yawan kayan da ko laifin farko ne.

Inda iyalai suka fi yin asara shi ne kwanakin farko. Ana auna kayan, a ɗebi samfuri don gwaji, a rufe a gaban wanda aka kama, sannan a ce ya sa hannu. Lallai ya duba nauyi da adadin da aka rubuta kafin ya dangwala. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ba shi damar yin bayani a gaban lauyansa, kuma kalma guda kamar "na sayar wa abokina" tana mayar da tuhumar mallaka ta koma ta dillanci. Ku nemi lauya yau, kada ku biye wa masu cewa a kawo kuɗi a kashe magana. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara. In ƙanin naki ya daɗe yana shan tiramadol, a sanar da jami'an, domin yanke shi farat ɗaya yana kawo zufa da rashin barci da ciwon jiki mai tsanani.

Tambaya: Ina da kemis a unguwa. Zan iya ajiye maganin tari mai kodin ga wanda ya zo da takarda? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: A'a, Malam. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan binciken da BBC ta fitar. Ban da haka, lasisin kemis na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kaɗai. Tiramadol da magungunan sa barci irin su diyazafam da Rohypnol aikin kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magani ne, wanda ke rubuta shigarsu da fitarsu a littafi. In an same su a kantarka, takardar mai saye ba za ta wanke ka ba.