Tambaya da Amsa: Masu binciken lafiya sun tsallake gidanmu, ina suka samo lissafinsu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ni ɗan mai unguwa ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Kafin Hausa a Jigawa. Kwanakin baya wasu ma'aikata suka zo da ƴan kwamfutocin hannu da sikeli wai binciken lafiya na ƙasa suke, ni na zagaya da su, amma abin da ya ɗaure min kai shi ne gidaje kaɗan suka shiga, suka auna mata da yara suka ɗibi jini a yatsa, Baba kuwa da ya haura sittin yana fama da jiri da ciwon kai ko kallonsa ba su yi ba. Daga baya sai mu ji a rediyo wai kashi kaza na mutane suna da cuta kaza. Don Allah ina suka samo lissafin tunda ba kowa suka auna ba? Kuma mutanen gari na cewa sunayenmu ake kaiwa ƙasar waje.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Yadda ka kwatanta ɗin nan ya yi kama da babban binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take yi tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, wanda ake kira NDHS. An fara shi a 1990, an yi a 1999, 2003, 2008, 2013, 2018, sai na 2023 zuwa 2024.

Tsallake gidaje ba son kai ba ne, haka tsarin yake. Ka lura da mai sayen gero a Dawanau, ai ba ya zazzage buhu, sai dai ya ɗibo daga sama da tsakiya da ƙasa, in kuwa ya yarda da abin da mai kaya ya ɗora a baki kawai to an cuce shi. A na 2018 an zaɓi unguwanni da ƙauyuka 1,400 a faɗin ƙasar, a kowanne aka ɗauki gida 30, ka ga gida 42,000 ke nan, kuma ƙuri'a ce take fitar da gidan, shi ya sa ko kai ɗan mai unguwa ba ka isa ka ce a shiga gidanku ba. Da za a bar mai gari ya nuna, gidajen marasa lafiya zai kai su don tausayi, lissafin ya kumbura ya zama ƙarya.

Daga irin wannan ne aka gano a 2018 cewa kashi 58 cikin 100 na mata ƴan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kashi 28 kuma nauyinsu ya wuce ƙima. Masu nazari a jami'o'i sai su ɗauki bayanan su kwatanta birni da ƙauye, mai karatu da marar karatu, mai girki da itace da mai gas, su ga a wane ɓangare cuta ta fi yawa. Amma fa a kula, wannan hoton lokaci ɗaya ne, in an ga abu biyu suna tafiya tare ba a yanke hukunci cewa ɗaya ne ya jawo ɗayan. Sai an bi mutane shekara da shekaru, kamar yadda aka yi a garin Framingham na Amurka tun 1948, inda aka tabbatar hawan jini da shan taba suna ƙara haɗarin ciwon zuciya. Sannan lissafin na ƙasa baki ɗaya ne da na jiha, ba ya sauka kan ƙauyenku balle kan mutum ɗaya.

Maganar sunaye kuwa, kafin a saki bayanan ana cire suna, har wurin da ƙauyen yake a taswira ana gusar da shi da gangan, a karkara yakan kai kilomita 5. Kuma ba a ɗibar jinin kowa sai da yardarsa, wanda bai so ba yana da ikon ya ce a'a.

Yanzu zancen Baba, wanda shi ya fi damuna wallahi. Binciken nan an gina shi ne kan haihuwa da lafiyar mata da yara, maza ma daga 15 zuwa 59 ake tambaya, don haka dattawanmu da hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki suka fi kayarwa suna wajen lissafi, ni a ganina wannan babban giɓi ne kuma ya kamata masu tsarawa su gyara, domin abin da ba a ƙirga ba ba a ware masa kuɗi a kasafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin da ake kira STEPS na manya, ana tambayar cin gishiri da taba, a auna jini da ƙugu da suga, irinsa muke buƙata a riƙa yi akai akai.

Kai dai kar ka jira wasu masu bincike. Ranar kasuwa mai zuwa ka ɗauki Baba a mashin zuwa asibitin sha ka tafi mafi kusa, a auna jininsa bayan ya zauna ya huta, in ya kai 140 bisa 90 ko ya haura a sake aunawa wata rana, in ya tsaya haka to hawan jini ne kuma akwai magani. A duba suga da safe kafin ya karya. A rage masa gishiri da dunƙule da kanwa a miya, kuma in an ɗora shi kan magani kar ya daina don ya ji sauƙi. In kuwa ka ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kar a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, a nemi mota a wuce babban asibitin Haɗeja ko Dutse a lokacin.