Tambaya da Amsa: Saƙar da ke Cikin Injin Jirgin Sama

Tambaya: Malam, kakana masaƙi ne. Na ji an ce fukafukan fankar injin wasu jiragen sama saƙa su ake yi. Da gaske ne? In haka ne, sun fi ƙarfe ƙarfi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa. Injin LEAP na kamfanin CFM, wanda ke jikin Airbus A320neo da Boeing 737 MAX, ya fara aiki a 2016, kuma fukafukan fankarsa 18 duk saƙaƙƙu ne da zaren kabon. Kamfanonin Safran da Albany ne ke saƙa su a Amurka da Faransa da Meziko, a kan masaƙa irin ta Jakad, wadda asalinta na Faransa ne tun 1804. In an gama saƙar sai a sa ta a mazubi, a ɗura mata danƙon rezin ya daskare.

Sai dai tambayarka ta biyu tana da rassa. Ƙarfi daban, tauri daban. Biskit yana da tauri amma ba ƙarfi, igiyar nailan kuwa ga ƙarfi ba tauri.

Da, shimfiɗa zaren ake yi falle kan falle, danƙo kaɗai ke riƙe tsakaninsu. Ka taɓa ganin katakon filawud da ruwa ya daka yana ɓarewa? To, haka wannan ke yi in ya sha bugu, kuma abin takaicin, ɓarewar a ciki take, ido ba ya ganinta. Sabuwar saƙar sai ta ƙara zare na uku. Bayan na tsaye da na kwance, akwai wanda ke ratsawa ta kaurin abin yana ɗinke fallayen. Tsaga in ta taso sai ta ci karo da shi. Shi ya sa fiffiken ke jure karo da tsuntsu, ko da yake ana sa masa ƙarfen titaniyom a baki.

Amma ba a banza aka samu wannan ba. Zaren ɗinkin yana sa sauran su ɗan karkace, ga gurabun da danƙo zalla ke taruwa. Karkataccen zare kuwa sai ya miƙe kafin ya ɗauki nauyi sosai, in an danne shi kuma saurin lanƙwashewa yake. Saboda haka in ja za a yi ta tsawo, shimfiɗaɗɗen zare miƙaƙƙe ya fi shi tauri. Ni dai ba zan ce maka ya fi ƙarfe kai tsaye ba. In aka auna da rashin nauyinsa, nan ne ya yi wa ƙarfe fintinkau.