Wane Yaren Indiya Ne ’Yata Take Kallo?

Tambaya: Anti, ’yata ’yar SS2 ta maƙale wa wani wasan kwaikwayo na ɗaliban sakandare a wayata. Ta ce Malayalam ake yi. Ban ji ya yi kama da Indiyancin da muka saba ba. In bar ta? Daga wata uwa, Pantami, Gombe.

Amsa: Hajiya, kunnenki ya ji daidai. Hindi muka saba ji. Malayalam kuwa harshen jihar Kerala ne, can kudu maso yammacin Indiya, dangin Tamil, kuma masu shi sun haura miliyan 30. Tashar Asianet, wadda ta fara aiki a 1993, tana cikin masu nuna irin waɗannan shirye-shiryen.

Yawanci labarin abokai ne ’yan ajin ƙarshe, wanda can suke kira Plus Two: rabon abincin tara, saɓani, fargabar jarrabawa, ɗan talaka da ’yar mai kuɗi a benci ɗaya. Wannan ɓangaren yana burge ni ƙwarai. Amma soyayya takan shigo, don haka ki zauna ku kalli kashi biyu tare, ki tambaye ta wace ce aminiyarta a makaranta. Wayar kuma ta dawo hannunki bayan Isha’i, tunda WAEC na tafe baɗi.